Fihirisar Wasiƙun Baba Sanda

Kun zo min ku huɗu ranar Asabar kuna cewa, "Tanti, ba mu sati biyu kawai, mu ɗauki hoton takardun nan duka mu zuba a kwamfuta, shi ke nan an gama." Ban ba ku amsa ba a ranar, don na ga niyyarku mai kyau ce kuma ba na son in kashe muku gwiwa tun daga bakin ƙofa. Amma yau zan gaya muku. Idan kuka ɗauki hoton takardu ba ku san wace ce wace ba, tsibin takarda kawai kuka mayar tsibin hoto, kuma wanda ya taso daga Tawa ko Daura yana neman labarin mahaifinsa zai koma yadda ya zo. Aikin da ake yi a ɗakin nan sunansa fihirisa, wato jagorar da ke gaya wa mai nema abin da ke ajiye, a wane kwali yake, na wane ne, da wanda ya halatta ya gani. Na yi fiye da shekara ashirin ina yin sa, bari ku ji yadda na koya.

Ni haifaffiyar Treichville ce, a lungun da ke bayan babban masallaci. Mahaifina mutumin ƙasar Maraɗi ne, fataucin albasa ya kawo shi Abidjan ya zauna. Na yi allo, na yi boko iyakar inda hali ya kai, sannan na shiga makarantar daktilo har na iya buga tafireta ba tare da na kalli yatsuna ba. A farkon shekarun casa'in gwaggona ta ce min akwai wani tsoho a Adjamé wanda idonsa ya fara rauni, yana neman wanda ya iya karanta Faransanci da ajami duka biyun. Haka na haɗu da Baba Sanda.

Baba Sanda mai rubuta wa mutane wasiƙa ne. Teburinsa yana bakin wani shago kusa da tashar mota, inda baƙi daga Nijar da arewacin Najeriya suke sauka. Mutum zai zauna a benci ya faɗi abin da yake so a gaya wa gida, Baba ya rubuta. Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar, bai taɓa rubuta wasiƙa bai sa takardar kabon a ƙarƙashi ba. Yana saurayi ya yi aiki a ɗakin ajiyar takardu na wani kamfanin jiragen ruwa, can ya ɗauko ɗabi'ar cewa duk abin da ya fita, kwafinsa ya zauna. Ban da kwafin, akwai wasiƙun da aka riƙa aiko wa mutane ta hannunsa, waɗanda masu su ba su taɓa zuwa sun karɓa ba. Aikin shekara talatin da wani abu ke nan, a ɗaɗɗaure da igiya cikin wani ɗan ɗaki a bayan shagon. Lokacin da na zo, tarho ya fara rage masu son a rubuta musu, amma wasu irin baƙi sun fara zuwa: masu neman ɗan'uwan da ya taho Abidjan aka daina jin ɗuriyarsa. Baba yakan tuna wasu da ka. Ya san kansa ba zai dawwama ba, shi ya sa ya nemi mai taimako.

Aikina na farko ɓarna na yi. Ya bar ni a ɗakin ya fita sallar azahar, ni kuma da zumuɗin sabuwar ma'aikaciya na kwance ƙunshi uku na fara ware su gari gari, na Zinder nan, na Katsina can. Da ya dawo ya shafa takardun da hannu.

"Rabi, wa ya ce ki raba su?"

"Baba, na ga a cakuɗe suke ne."

"A jere suke yadda masu su suka zauna a bencin nan. Wanda ya rubuta bayan wani, sau da yawa mota ɗaya ta kawo su, ko ɗaki ɗaya suke kwana. In aka rasa mutum, wanda ke bayansa a ƙunshi shi ake tambaya. Yanzu kin raba abokan tafiya."

Kwana huɗu muka yi muna mayar da ƙunshi ukun nan, ni ina karantawa, shi yana tunawa, kuma wasu ba su koma daidai ba har yau. Daga ranar na riƙe dokar farko ta sana'ar nan: takarda tana zama inda mai ita ya bar ta, fihirisa ce ake juyawa yadda ake so.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Fensir, don biro yana ratsa takarda kuma ba ya gogewa. Igiyar auduga. Kwalayen sabulu da muke roƙo a shaguna, muna ɗora su a kan bulo saboda danshi, don kun san iskar lagun, ruwan nan da ya ratsa gari, ba ta barin takarda lafiya. Duk fil ko ƙarfen da aka maƙale takarda da shi sai na cire, tsatsa tana cin rubutu. Kowace takarda nakan rubuta mata lamba a kusurwar baya: lambar kwali, ta ƙunshi, sannan tata. Bayan haka sai kati. Muna yanka kwalin takalma daidai tafin hannu, kowace wasiƙa da katinta, a rubuta mai aikawa, sunan mahaifinsa, garinsu, wanda aka aika wa, wata da shekara, da layi ɗaya a kan abin da ke ciki.

Layi ɗayan nan ya fi komai wuya. Na tuna wasiƙar wani mahauci da ya rubuta wa yayansa yana bayyana wata cuta da yake ɓoye wa kowa. Na cika katin da bayani, na karanta wa Baba ina jiran yabo. Ya ce in yaga. Ya ce, "Ki rubuta abin da zai sa ɗansa ya gane ta in ya zo nema. Kada ki rubuta abin da maƙwabcinsa zai ji daɗin karantawa." Na sake rubutawa: zuwa ga yayansa, a kan rashin lafiya. Katin kowa yana iya dubawa, amma wasiƙar kanta sai mai ita, ko matarsa, ko 'ya'yansa, ko wanda aka aika wa. An sha ba ni haushi a kan wannan. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa zuwa yana son ganin wasiƙun wani tsohon yaron shagonsa, na hana, ya kai ƙarata wurin Baba, Baba ya ba shi kujera da ruwan sha ya sallame shi hannu wofi.

Sai kuma sunaye. Ku da kuka tashi da Faransanci a baki, nan za ku fi shan wahala. Mutum ɗaya, a gida ana ce masa Garba, a wasiƙar ajami ya ce shi Abubakar ne, a takardar hukuma an rubuta Aboubacar, maƙwabtansa 'yan ƙabilar Jula suna kiransa Bakari, a tasha kuma ba wanda ya san shi sai da sunan sana'arsa. 'Yar'uwarsa in ta zo, Habu za ta ce. In ba ka san duk waɗannan mutum ɗaya suke iya zama ba, za ka ce mata babu shi alhali yana cikin kwali a gaban idonka. Na buɗe littafi na musamman ina tara kowane suna da 'yan'uwansa, kuma har na tsufa ban daina ƙarawa ba. Garuruwa ma haka suke. Ƙauye ɗaya sai ka same shi da rubutu iri uku.

Kwamfuta ta shigo ɗakin wajen ƙarshen shekarun casa'in. Wani Alhaji mai shigo da tsofaffin na'urori daga waje ya ba mu ɗaya saboda Allah, bayan mun samo masa wasiƙun mahaifinsa. Da wata manhaja ta zo a ciki, ban san asalinta ba, na dai ga tana karɓar rubutu sai na fara kwashe katuna ina zubawa. Wata bakwai ina yi. Wata safiya na kunna, ta ce sai na sa wata lambar sirri da ba mu da ita, kuma abin da na ajiye a cikinta babu wata manhaja da ke iya buɗewa. Na ɗauko disket, ƙananan fayafayan da nake kwafa a kai, na tarar danshi ya ci su, fumfuna ta yi musu fari fat. Abin da ya cece ni, ban zubar da katunan ba.

Mamman Sani ne ya ɗora ni a hanya. Mai gyaran kwamfuta ne a wani siber, wato shagon intanet, da ke kusa da kasuwar Treichville, magidanci mai haƙuri. Bayan 'yan shekaru da wannan asara ya zo har Adjamé da faifai, ya goge na'urar ya zuba mata manhajojin kyauta, irin waɗanda kowa yana da izinin kwafa ya ba wani. Ya nuna min tablur, wato shafin nan mai layuka da gidaje. Ya ce, "Hajiya, kowace wasiƙa layi ɗaya, kowane bayani gidansa daban. Kada ki haɗa suna da gari a gida ɗaya, in kin haɗa ba za ki iya tacewa ba." Ya kuma koya min abin da na fi gode masa a kai, wato in riƙa ajiye kwafi a matsayin rubutu zalla, wanda waƙafi ne kawai ke raba gidajen, babu ado babu launi. Ya ce irin wannan ko wace na'ura aka kai shi za ta buɗe, ko bayan mun mutu.

Mun sha fama da haruffa masu ƙugiya. Madannin kwamfuta na Faransanci ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da ɓ. Da Mamman Sani ya samo mana hanyar buga su sai wata matsalar ta fito: in na rubuta Ɗanladi da ƙugiya, wani ya nema ba ƙugiya, na'ura ta ce babu. Sai na yi gida biyu, ɗaya na sunan yadda yake a takarda, harafi da harafi ko da kuskure ne, ɗaya kuma na nema, inda nake zuba duk yadda za a iya rubuta shi. Kowace Juma'a nakan kwafa aikin a kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, in tafi da shi gida. Kowace shekara bayan babbar salla nakan buga fihirisar gaba ɗaya a takarda, a ɗinke ta, in kai ɗakin ajiyar masu kula da jana'iza a unguwarmu ta Treichville.

Ta wannan hanya littattafan jana'iza suka shigo aikin. Dattijon da ke riƙe da su ya ga fihirisar ya ce in yi musu irinta. Littattafai ne da aka riƙa rubuta duk baƙon da jama'armu suka yi wa sutura, da sunansa in an sani, da maƙabartar da aka kai shi. Ban ɗauke su daga wurinsu ba. Nakan zauna a tabarma da safe in kwafa, da rana in hau mota in haye gada zuwa Adjamé. Da na gama sai ya zama in an buga suna ɗaya, na'ura ta nuna wasiƙa ta kuma nuna jana'iza. Na ji daɗin wannan sauƙi fiye da kima, kuma shi ya kai ni ga kuskuren da ya fi kowane girma a aikina.

Wata mata ce ta zo daga ƙasar Gumel, Hajiya Indo, tana neman yayanta Garba mai sayar da goro. Na samu wasiƙunsa biyu. Na buga sunan a littafin jana'iza, sai ga Aboubacar, an rubuta mai goro, shekarar ma ta yi kusa da ta wasiƙar ƙarshe. Babu sunan uba, babu gari. Na ce mata ya rasu. Ta yi kuka a bencin nan, ta yi min godiya, ta koma gida. Aka yi masa addu'a, aka raba gonarsa. Kusan shekara guda bayan haka wani mutum mai furfura ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Daga San-Pédro yake, can ya koma da zama tuntuni, wani direba ne ya kai masa labarin mutuwarsa.

"Ke ce Rabi?"

"Ni ce, Malam."

"Ni ne Garban da kika binne."

Bai ɗaga murya ba. Baba Sanda yana zaune, a lokacin ba ya gani sam. Ya ba mutumin haƙuri da bakinsa, sannan ya sa ni na ɗauko takarda da kabon na rubuta wa dangin Garba wasiƙa da hannuna, na faɗi cewa ni na yi kuskure, ba littafi ba, ba na'ura ba. Garba ya tafi da ita. Na ji daga baya an mayar masa da rabin gonar, sauran ta riga ta shiga hannun da ba za ta fito ba. Tun daga nan ba na haɗa mutum biyu su zama ɗaya sai abu uku sun dace: suna, sunan uba, da gari. In biyu ne kawai, in rubuta mai yiwuwa, kuma in faɗa wa mai nema da baki cewa mai yiwuwa ne. Na'ura tana nuna kama ne kawai. Hukuncin na wanda ke zaune a gabanta ne.

Baba ya rasu ana saura kwali shida a gama. 'Ya'yansa da mai shagon suka ce in ci gaba, na ci gaba. Na sa sunansa a littafin jana'iza da hannuna, da sunan mahaifinsa da garinsu.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta rikicin bayan zaɓe. Wasunku suna nan, kun san yadda garin ya zama. Adjamé ta fi ƙarfin shiga, gada ba ta hayuwa, muka yi makonni a Treichville muna cikin gida, wuta ta zo ta tafi, ruwa ma haka. Kilen yana ɗaure a bakin zanena. Ranar da aka fara barin mutane su wuce na tafi da ƙafa mafi yawan hanya. Na tarar an ɓalle layin shagunan gaba ɗaya. Ƙofar ɗakinmu babu ita, kwamfuta babu, katakon da muka yi kanta da shi an kwashe. Kwalayen ma an juye takardun a ƙasa an tafi da su, ina jin don a zuba kaya. Wasu takardun an hura wuta da su, sauran suna tsakar fili ruwan sama ya sauka a kansu. Akwatin katuna ya ƙone ƙurmus. Ban san waɗanda suka yi ba, ban kuma tambaya ba.

Ma Awa, wata Bajula mai soya aloko, wato ayabar suya, a bakin layin, ita ta kira ni gefe. Ashe duk lokacin da harbi ya lafa takan fito ta tattara abin da ta iya cikin buhunan shinkafa. Ba ta karatu, amma ta shekara tana ganin mutane suna shiga ɗakin suna fitowa da hawaye. Buhu biyar ta ba ni. Ita ce kuma ta ce in duba wurin masu gyaɗa da masu ƙosai, don yara sun kwashi takardun sun kai musu suna ƙunshe kaya da su. Na nemi tsofaffin jaridu na ɗora a ka, na riƙa bin masu talla ɗaya ɗaya, in ba su jarida su ba ni wasiƙa. Wasu sun ba ni da maiƙo a jiki. Wata ta ce ai ta riga ta ƙarar da nata tun sati biyu da suka wuce.

Na kwashe komai na dawo da shi wannan ɗakin da kuke gani a Treichville. Muka shanya takardun a inuwa a kan tabarmi, don rana tana sa su karye. Duk wadda lambar fensir ta bayanta ta tsira, ta koma ƙunshinta. Mamman Sani ya ara min wata tsohuwar na'ura, na soka kilen, fihirisar ta buɗe ba abin da ya taɓa ta. Daga nan na bi ta layi layi, na ƙara gida ɗaya a ƙarshe, ina rubuta tana nan, ko ta lalace, ko ta ɓata. Wata uku ina wannan. Fiye da rabi ta ɓata na rubuta musu.

Mamman Sani ya duba shafin wata rana ya ce, "Hajiya, layukan da ba su da takarda, ba gara a cire su ba? Jagora ce zuwa abin da babu." Na ce a'a. Layin nan shi ne kaɗai abin da ya rage da ke nuna mutumin ya taɓa zama a bencin Baba ya tuna da gida. Bai yi musu ba.

Bayan hanya ta buɗe sosai, baƙon farko da ya zo daga nesa wani tela ne daga wani ƙauye a ƙasar Tawa, sunansa Lawali, mutum mai kimanin shekara arba'in. Ya fara zuwa Adjamé ya ga kango, Ma Awa ta kwatanta masa nan. Ya zauna a bakin tabarma ya ce mahaifinsa yake nema. Uban ya bar gida Lawali yana goye, ya ce zai yi aikin gini a Abidjan, ba a sake jin sa ba. Mahaifiyar Lawali tana da rai, ta tsufa, kuma duk tsawon shekarun nan abin da aka gaya mata shi ne ya sami wata mata a bakin teku ya manta da su.

"Sunansa?"

"Ibrahim. Amma Iro ake ce masa."

"Sunan mahaifinsa fa?"

"Sha'aibu."

Na buga Ibrahim, mutane da yawa suka fito. Na tace da Iro da Brahima, na sa sunan uban yadda ake rubuta shi da Faransanci da yadda ake rubuta shi da boko, na sa ƙauyen. Layi uku suka rage, duka na mutum ɗaya, duka zuwa ga matarsa Hadiza. Na tambayi Lawali sunan mahaifiyarsa kafin in faɗa masa, ya ce Hadiza. Na duba gidan ƙarshe. Duka ukun ta ɓata na rubuta.

Na gaya masa gaskiya, cewa wasiƙun suna cikin waɗanda aka rasa, abin da ya rage shi ne layin da na rubuta a kan kowace. Ya ce in karanta. Ta farko: ya sauka lafiya, ya sami aikin gini. Ta biyu: ya faɗo daga bene ya ji rauni, ya sami sauƙi, yana shirin komawa gida kafin damina. Ta uku: yana tambaya me ya sa ba a ba shi amsa ba. Sannan na buɗe na jana'iza. Yana nan, wata biyu bayan wasiƙa ta uku, suna da sunan uba da gari duk sun dace. Shi littafin yana nan lafiya, na aika aka ɗauko, na nuna masa rubutun da yatsa.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ce, "Hajiya, ke kin karanta wasiƙun da idonki?"

"Na karanta, shekaru da yawa da suka wuce."

"Ya ambace ni?"

Da na ce e, da ya yarda, kuma ba mai iya ƙaryata ni. Amma wasiƙun da suka ratsa hannuna ba su ƙirguwa, ban tuna waɗannan ba ko kaɗan. Na ce, "Malam Lawali, ban sani ba. Abin da na rubuta shi kaɗai zan iya tsaya maka a kai."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro wayarsa ya kira wani ɗan'uwansa a gida, ya ce a kai wa Inna. Muka jira ana tafiya da wayar, muna jin kukan awaki. Da ta karɓa ya gaishe ta, ya ce ga wata baiwar Allah za ta karanta mata abu, ya miƙo min.

Na ce, "Inna, ina wuni. Sunana Rabi, daga Abidjan." Na karanta mata layi ukun a hankali, yadda suke, ban ƙara ba ban rage ba. Na gaya mata inda aka binne shi.

Can ta ce, "'Yar nan, wace shekara ce?"

Na faɗa mata shekarar da watannin.

Ta ce, "Shekarar fari ke nan. Ba kowa a garin. Mun tashi mun koma wajen kawuna, sai bayan shekara biyu muka dawo." Sannan ta ce, "Sake karanta min ta tsakiyar."

Na sake karantawa. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce Allah ya yi min albarka, ta ce a ba ta ɗanta.

Washegari dattijon jana'iza ya raka Lawali maƙabarta, ya nuna masa ɓangaren da ake kai baƙi a waɗannan shekarun, don kabarin kansa ba mai iya nunawa. Kafin ya hau mota ya dawo ya roƙi in buga masa layukan a takarda. Na buga masa, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Da ya tafi na zauna na buɗe sabon gida a tablur, wanda babu shi a da, na sa masa suna abin da iyali suka faɗa. A gaban layukan Iro ɗan Sha'aibu na rubuta: matarsa ta ce ba su isa hannunta ba, sun bar garin saboda fari; ta ji su ta waya, daga bakina, ɗansa yana zaune.